Naɗe Hannun Riga

Alhamis, da yamma

Yau wasan ya yi yadda nake so. Tunda na fara rubuta wa gidan rediyon unguwa wannan wasan kwaikwayo, ban taɓa jin waya ta yi ruri haka ba. Bra Zakes, manajanmu, har ya leƙo yana tafa mini, mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Sunan wasan Bayan Katanga. Unguwarmu Tembisa ce dai, amma bayan shekara hamsin, an zagaye ta da katanga, an raba mutane gida biyu, 'yan gida da tsintattu. Na fara shi ne saboda Shongwe da mutanensa, masu kiran kansu 'Yan Gidanmu, masu farar riga da hoton mabuɗi a ƙirji. Tunda zaɓen kansiloli ya matso ba su da magana sai ta baƙi. Baƙi sun cinye aiki, baƙi sun shanye magani, in ruwan famfo ya ɗauke ma baƙi ne. Ni ban iya hawa bayan mota in yi ihu ba. Abin da na iya shi ne in nuna wa mutane inda wannan hanyar za ta kai su, in tsorata su tun da wuri.

A kashin yau masu gadin katanga sun daina yarda da takarda, hannu suke dubawa. Wanda tabon rigakafinsa ke damtse ɗan gida ne, wanda nasa ke ƙasan gwiwar hannu tsintacce ne. Dumi ne ke fitowa a shugaban masu gadi, kuma da ya sauke muryar nan tasa ya ce, "Naɗe hannun riga," ni da na rubuta kalmomin sai da tsigar jikina ta tashi.

Hlengani, mijina, ya saurara a shagonsa na walda. Ya dawo ya yi allurarsa ta suga, ya ci tuwon masara, ya wanke hannu, bai ce uffan ba. Haba, ko "sannu" ai a ce wa mutum. Miji kenan.

Juma'a, da safe

Yana ɗaure igiyar takalmi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Fikile, labarin babana ne kika sa a rediyo."

Na ce ban kama sunan kowa ba. Na ce abin da aka yi wa tsohon ai shi ya sa dole a faɗa, don kar a sake. Na ce abubuwa da yawa, na san halina in na fara. Shi dai ya ɗauki abincin ranarsa ya fita.

Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, a shekarar farko ta aurenmu. A goye uwarsa ta shigo da shi daga Mozambik lokacin yaƙi. Nan ya yi rarrafe, nan ya yi makaranta, katinsa na ɗan ƙasa sahihi ne, kuma sunan gidansu, Maluleke, suna ne da ake da shi a ɓangarorin iyakar biyu, don haka ba wanda ya taɓa tambaya. Babansa ne 'yan sandan wancan zamani suka tare a tashar jirgin ƙasa, suka naɗe masa hannun riga, suka ga inda tabon yake. Aka saka shi a jirgin mayar da baƙi ƙasarsu. Ba su sake jin ɗuriyarsa ba.

Hlengani ma nasa tabon yana nan a ƙasan gwiwar hannun hagu, kamar ƙwayar wake. Duk unguwar nan an ɗauka saboda tartsatsin walda yake saka riga mai dogon hannu ko ana zafi.

Asabar, da rana

Yara na wasa a bakin layi. Sun jera duwatsu, ɗaya ya riƙe sanda yana kumbura murya, "Naɗe hannun riga!" Na yi dariya, har na ji kaina ya ɗan yi girma. Da na shiga gida kuma sai na tsaya a tsakar ɗaki na manta abin da na shigo ɗauka.

Litinin, da hantsi

MaSithebe, maƙwabciyata, ta dawo daga asibitin unguwa tana haki. Ta ce 'Yan Gidanmu sun kafa benci a bakin ƙofa, ba mai shiga sai ya nuna katin ɗan ƙasa. Wai motar 'yan sanda na gefe, suna ciki suna cin fanke. Ita abin bai dame ta ba, har cewa take layin ya yi sauri yau.

Hlengani yana da kati. Ranar karɓar allurarsa sai mako mai zuwa. Ba komai.

Laraba, da yamma

Shongwe ya yi taro a filin ƙwallo jiya. Ban je ba, amma lasifikarsa ta iso har cikin kicin ɗina. Ya ce kati sayensa ake yi, amma jiki ba ya ƙarya. Jama'a suka yi shewa.

Yau MaSithebe ta ce sun daina duba kati. Ta nuna mini yadda suke yi, ta tura hannun rigarta sama tana dariya, wai kamar a cikin wasana. Ta ce in na ga wanda ke tsaye a ƙofar ma sai na riƙe baki. Dumi ne, da farar rigarsa, da muryarsa.

Na ce mata tukunyata tana ƙonewa. Ban ɗora komai a wuta ba.

Alhamis, da sassafe

Ba ni na ƙirƙiro duba hannun nan ba. Tun kafin in iya riƙe biro ake yin sa.

Alhamis, da yamma

Na tare Dumi a bayan gidan rediyo kafin mu shiga naɗar kashin yau. Na yi niyyar in yi magana a hankali, amma ina buɗe baki na ji kaina ina tambayarsa ko ƙwaƙwalwarsa a gida yake barin ta in zai fito. Na ce mugun da ke cikin wasan fa shi ne mai gadin, ko bai karanta takardar da yake riƙewa kowane mako ba?

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai kenan. Ya ce ya sani sarai. Ya ce amma ni ban zauna da uwata a wannan layin tun asuba ba, har rana ta take, a leƙo a ce magani ya ƙare. Tasa uwar bara ta rasu, duk mun je jana'izar. Shekararsa talatin da wani abu, ba shi da aiki sai wannan wasan namu.

"Sis Fikile, ke kika buɗe mana ido," in ji shi. "Da mu takarda muke ta bi kamar wawaye."

Da za mu shiga ya ce in gaida Baba Maluleke, wai ƙofar ƙarfen da ya yi musu har yanzu ko motsi ba ta yi. Na ce zai ji.

Asabar

Na buɗe firij na duba sauran allurarsa. Na rufe. Na sake buɗewa kamar wani zai ƙara.

Litinin, da azahar

Hlengani ya tafi da katin asibitinsa a aljihu. Bai jima ba ya dawo hannu rabbana. Ya ce layin ya yi tsawo, kuma yana da aikin tagogi da ya yi wa wani alkawari. Ban tambaye shi ko ya kai bakin ƙofar ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya.

Talata, da azahar

Na karɓi katin na je da kaina. Dumi yana hango ni ya washe baki, ya ce marubuciya ba ta bin layi. Na ce zan bi. Da na iso gabansa na naɗe hannun rigata da kaina, don ban so in ji ya faɗa.

Matar da ke gabana ba ta shiga ba. Na san ta, tana sayar da tumatir a bakin tashar motocin haya, na sha sayen nata. Da goyo a bayanta, yaron yana wani irin numfashi. Ba ta yi musu ba, ta sauke hannun rigarta ta juya. Mu da ke layi duk muka sami abin kallo a ƙasa. Har da ni.

A ciki nas ta duba katin ta girgiza kai. Ta ce wannan karon ba a ba wakili, lokacin gwajin jininsa ne, sai likita ya gan shi kafin a sake rubuta masa. Na roƙe ta, na ce aiki ya yi masa yawa. Ta dube ni da kyau, ta rage murya ta ce abin da ke faruwa a waje ba su da iko a kai, sun kai ƙara sun gaji. Ta ce in kawo shi kawai, in ya shigo ita ba ta duba hannun kowa.

To ta ina zai shigo? Ƙofa ɗaya ce.

Na biya kantin magani, suka ce sai da takardar likita. Asibitin da ke ɗaya gefen unguwa ma an ce benci biyu suka kafa a can.

Laraba, da safe

Ya fara rage allurar don ta kai shi. Bai gaya mini ba, na gani ne. Ruwa yake ta sha kamar raƙumi, kuma ɗazu ya miƙo mini wayarsa in karanta masa saƙo, wai rubutun ya yi ƙanana. Na ce mu je wurin likita mai zaman kansa, ko me za a sayar a sayar. Ya ce wannan watan kenan, na gaba fa, da na bayansa? Ya ce shi a nan ya girma, a wannan asibitin aka haifi 'yarmu Nyiko, ba zai dinga zagaye kamar ɓarawo ba. Na ce to ka je mana. Ni ma da na san abin da zan faɗa kenan da na haɗiye shi.

Juma'a, da yamma

Na san abin da zan yi. In sun iya kwaikwayon mugun abu daga rediyo, ai na kirki ma za a iya kwaikwaya. Kwana biyu ina kan kashi na gaba, ko gyaran gado ban yi ba.

Matan Bayan Katanga za su tashi wata safiya, 'yan gida da tsintattu duka, kowace ta yi wa kanta tabo a ƙasan gwiwar hannu. Su zo ƙofa a jere su naɗe hannun riga tun kafin a ce musu. Masu gadi su rasa wa za su tare, tunda ga uwayensu a ciki, ga matansu. Na rubuta wa wata tsohuwa jawabin da ni kaina sai da na share hawaye.

Bra Zakes ya karanta yana sosa ƙeya. Ya ce mutanen Shongwe suna sayen lokaci a tashar nan, kuma shi yana da iyali. Na ce duk mai sauraron wasan nan ma yana da iyali. Ya ce bakina zai kashe shi wata rana, amma a naɗa.

Lahadi

A coci fasto ya yi wa'azi a kan son maƙwabci. A sahun gaba akwai farar riga huɗu ko biyar, su suka fi kowa cewa amin.

Alhamis, da yamma

An sa kashin a rediyo. Dumi ya yi aikinsa tsaf, har muryarsa na rawa a wurin da mai gadi ya ga hannun uwarsa. Na yi ta kallonsa ta gilashi ina cewa a raina, ya ji, wallahi ya ji.

Na bi gida gida a layinmu na ce wa mata ranar Litinin mu yi yadda aka yi a wasan. Da jan baki ma ya isa, ko biro. Kowa ta ce to. MaSithebe ta ce ita ce ma za ta fara shiga gaba.

Abin da ya rage a firij ba zai wuce Talata ba, ko da yadda yake ragewa.

Litinin, da azahar

Mu biyu muka je, ni da MaSithebe. Cikin matan layin, ɗaya ta ce yaronta ba lafiya, ɗaya ta ce miji ya hana, sauran ko ƙofa ba su buɗe ba. MaSithebe ta ɗiga nata tabon da abin zana gira. Muna shan kwanar asibitin ta hango benci da sanduna, sai na ga ta lashi yatsa tana goge hannu. Ta ce in yi haƙuri, maganin hawan jininta ne yau, ba za ta iya wasa da shi ba.

Ni na isa da nawa. Na naɗe hannu na miƙa wa Dumi. Ya duba, ya sa babban yatsa ya murza, tawadar ta bi yatsansa. Suka fashe da dariya, har da 'yan layi.

"Sis Fikile, ai na rediyo daban," ya ce. Wai kuma in ji shawara, mutane suna cewa kashin makon jiya bai yi daɗi ba, na fara wa'azi. A dawo da masu gadi, su ake so.

Ban san yadda na iso gida ba. Na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafata. Shekara nawa ina gaya wa kaina cewa labari yana gyara mutane. Kunya nake ji, kunya da tsoro, ban san wanda ya fi yawa ba.

Hlengani ya ga tawadar a hannuna. Ya ɗebo ruwa da sabulu ya wanke mini da kansa, a hankali.

Talata, da yamma

Ya dawo daga shago da wuri, hannun hagu naɗe da tsumma. Ya ce ƙarfe ne ya zame.

Shekara ashirin da wani abu yana walda. Na san ƙunar tartsatsi, ɗigo ɗigo take. Na san ta kuskure, a karkace take zuwa, a yatsa ko a bayan hannu. Da na kwance tsumman, wannan a miƙe take, faɗin ƙarfen ƙofa, gefe da gefe daidai kamar an auna. Kuma ta zauna a wuri ɗaya tak, daidai inda tabon yake.

Na ce Baban Nyiko, kai fa mai suga ne, ƙaramin yanka ma wata yake yi bai rufe ba. Ya ce ya sani. Na ce me ya sa ba ka gaya mini ba. Ya ce ƙarfe ne ya zame, Fikile.

Na wanke, na shafa abin da muke da shi, na naɗe da ƙyalle mai tsabta. Warin bai bar hancina ba har yanzu.

Laraba, da la'asar

Mun je tare. Da gajeren hannu ya fita, rabon da in gan shi haka a waje tun muna saurayi da budurwa.

Dumi ya miƙe tsaye da ya gan shi, ya gaishe shi da hannu biyu. Ya tambayi abin da ya sami hannun, Hlengani ya ce sana'a ce. Wani daga cikinsu, ban san shi ba, ya ce a kwance a gani. Dumi ya ce haba, Baba Maluleke ne fa. Wancan ya ce doka doka ce. Hlengani ya kwance da kansa. Mutumin ya kawar da kai yana tsaki, Dumi kuma ya shiga ba da haƙuri, ya raka mu har ciki yana cewa a ba dattijo hanya, ya ji ciwo. Gaban kowa aka kai mu.

Nas ɗin nan ce ta ranar. Ta auna sugansa ta kira likita da sauri. An ba shi allurar, an rubuta masa ta wata mai zuwa. Sannan ta zauna wanke ƙunar. Ta daɗe tana kallonta, ta ɗago ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ce ƙunar ta yi zurfi, sai ya dinga zuwa kullum ana wankewa, kuma in ta fara baƙi ko wari kar mu jira gari ya waye. Tana naɗe bandeji ta ce, kamar da kanta take magana, ba shi ne na farko ba a makon nan. Jiya wata ta zo da ta dutsen guga.

Alhamis, da safe

Allura na firij. Na buɗe na gani, na rufe.

Bai yi barcin kirki ba, hannun yana zafi, gefen ya kumbura. Bra Zakes ya turo saƙo tun da sassafe, yana tambaya ina kashin mako mai zuwa, wai masu sauraro sun matsa a dawo da masu gadi.

Na kawo wa Hlengani shayi ba suga, na zauna ina canza masa ƙyallen kafin mu tafi asibiti wankin ƙunar. Yana kallon hannun, ba ni ba. Ya ce yanzu dai masu gadin ba su san da wannan ba. In suka ji, duk mai bandeji ya shiga uku, har da matar dutsen guga.

"Wannan kar ki rubuta shi," ya ce.

Na ce ba zan rubuta ba. Ya ce in rantse. Na rantse da kabarin uwata.

Ban gaya masa ba, jiya a gaban nas, tana wanke masa naman hannu yana cije leɓe, ni a tsaye na riga na samo yadda kashin zai fara, har da wanda zai yi muryar.